Lambar wa ke cikin wayarka? Jawabin magatakarda a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

Shugaban ƙungiya da mataimakansa, iyayenmu dattawan da suka kafa wannan tafiya, wakilan sarakunanmu, sarkin tasha da sarkin kara, alhazai da hajiyoyi, direbobi da yaran mota da 'yan dako, da baƙinmu da suka taso tun asuba daga Katsina da Jibiya da Illela da Mai'aduwa suka iso mana nan Maraɗi, sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ma'aji ya riga ya karanta muku lissafin shekara. Ni kuma kwamiti ya ɗora mini magana a kan wani abu da ba a rubuta shi a littafin kuɗi, alhali yana cikin manyan masu cinye mana kuɗin, wato rashin jituwa tsakanin mutanen da hanyarmu ke ratsa garuruwansu, da kuma abin da wayar salula ke yi a cikin wannan rashin jituwa. Ina roƙon dattawa su yi mini afuwa idan na faɗi abin da ya fi bakina.

Kowa a nan ya san yadda 'yan shekarun nan suka kasance mana. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. A 2021 aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama na jihohin Katsina da Zamfara, aka kuma katse layukan waya. A 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, iyaka ta sake rufuwa, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Duk waɗannan hukuncin gwamnatoci ne, ba a tambaye mu ba da za a rufe, ba a tambaye mu ba da za a buɗe. Sai dai akwai wata rufewar hanya da ba ta da takardar gwamnati, ba duwan ba kwastan a tsaye. Ita ce ranar da direba ya saurari wani saƙo a waya, ya kashe mota ya ce ba inda za shi. Ita ce ranar da makiyayi ya ji an ce ana jiran sa a kara, ya juya da shanunsa daji, kasuwa ta ci ba saniya. Wannan rufewar nake so mu tattauna, domin a cikinta muna da ta cewa.

Da farko kada mu ɗora wa waya laifin da ba nata ba. Dattawanmu suna tune da abin da ya faru a Toda, cikin yankin Gidan Rumji, a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani sama da 100, akasarinsu mata da yara. A lokacin ba mai salula a ƙasar nan, sai da aka yi wajen shekara goma sannan ta shigo. Gaba tana da saiwarta: gona ta cinye burtali, shanu sun faɗa gona kafin a kwashe amfani, mashaya ta yi kaɗan, an yi shari'a wani ya tashi yana ganin ba a yi masa adalci ba. Daga baya satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa suka zo suka dagula komai, har mutanen Sabon Birni da Isa da Zurmi da Jibiya suka riƙa tsallakowa gudun hijira cikin jihar Maraɗi tun daga 2019. Waya ba ta haifi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Abin da ta canza shi ne yadda labari ke tafiya. A da labari yana da mai shi. A bakin mutum yake zuwa, cikin motar ranar kasuwa, kana kallon fuskar mai ba ka shi. In ka san shi da ƙarin gishiri, sai ka rage rabi ka riƙe rabi. In ya yi maka ƙarya, Lahadi mai zuwa za ku haɗu a Jibiya. Yanzu kuwa murya ce kawai take faɗowa cikin waya, tana haki, tana cewa jama'a a yaɗa, a tura wa 'yan'uwa. Ba suna, ba gari, ba rana. Ba ka san ko jiya aka ɗauke ta ba, ko shekara uku da suka wuce. Kuma mu 'yan kasuwa mun fi kowa saurin kai ta nesa, don mu ne muke da mutane a kowane gari. Saƙon da manomi zai tura wa ƙauye biyu, ɗayanmu zai kai shi Damagaram da Kano da Ƙonni cikin minti ɗaya.

Bari in ɗauko misali daga nesa kaɗan, daga jihar Filato, domin shi an bi diddiginsa an tabbatar. A watan Yunin 2018, lokacin da ake kashe-kashe a can, wasu hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook, aka ce ga abin da Fulani suka yi. Matasa suka tare hanya, suka riƙa fito da matafiya daga motoci suna kashewa. Da BBC ta yi bincike daga baya, sai ta gano cewa ɗaya daga cikin bidiyon da aka fi yaɗawa ba ma a Najeriya aka ɗauke shi ba, a Kongo Barazabil ne, tun 2012. Cikin waɗanda aka kashe a hanyar har da mai sayar da dankalin turawa da ya fita nema. Ku lura da wannan da kyau. Wanda ya ɗora hoton yana zaune a ɗakinsa. Wanda ya biya bashin yana cikin mota, kamar yadda kowannenmu yake cikin mota sau biyu ko sau uku a mako.

Kamfanonin da kansu sun san da matsalar. Tun Janairun 2019 WhatsApp ya ƙayyade tura saƙo zuwa wuri biyar kacal a lokaci guda, a 2020 kuma ya ce saƙon da ya riga ya sha yawo sai dai a tura shi wuri ɗaya. Shi ne wanda za ku ga kibiya biyu a samansa. Ina roƙon duk wanda bai taɓa lura da wannan kibiya ba ya sa yaronsa ya nuna masa yau. Kibiya biyu na nufin wanda ya turo maka ba shi ya gani ba, wanda ya turo masa ma ba shi ya gani ba. Amma kamfani yana Amurka, bai san Gabi ba, bai san Batsari ba. Iyakacinsa ya rage wa saƙo gudu. Ba zai iya gaya maka ko gaskiya ne ba.

Wani zai ce, to a kashe layin mana kowa ya huta. An gwada. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a duk jihar Zamfara, sannan a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Jibiya, da wasu na Sakkwato. Nufin hukuma shi ne a raba ɓarayin daji da masu kai musu rahoto, kuma ba ni ne zan yanke hukunci kan ko an ci nasara ba. Abin da muka gani da idonmu dai shi ne, ji-ta-ji-ta ba ta mutu ba, ƙiba ma ta yi. Mutum ya ji an ce an kai hari garinsu, ba shi da wanda zai kira, sai ya kwana yana saƙa abin da ya fi muni. Mai hatsi ya loda mota bai san farashin gaba ba. Mutanen bakin iyaka suka koma sayen layin Nijar suna hawa tudu suna neman rezo, ko sabis kamar yadda 'yan'uwanmu na can suke cewa. Darasin da na ɗauka shi ne, maganin labarin ƙarya mutum ne da za ka iya kira ka tambaya, kuma idan aka kashe layi shi ma wannan mutumin an raba ka da shi.

Shekarar 2023 ta nuna mana ɗayan gefen. Ranar 30 ga Yuli ƙungiyar ECOWAS, wato CEDEAO, ta sa takunkumi, ta ba da wa'adin mako guda, aka fara maganar yaƙi. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Motoci suka yi jerin gwano a Magama da Ɗan Isa da Illela, albasa ta ruɓe a cikinsu. A Facebook da TikTok kuwa sai ga yaran da kakanninsu ɗaya suna zagin juna, wannan ya ce ku bayin Faransa ne, wancan ya ce mu ke ciyar da ku. Ni abin dariya ma ya ba ni a wasu lokutan, in ban da ciwon da ke ciki, domin sarkin garin nan har gobe Sarkin Katsina ake kiran sa, kuma da wuya ka samu gida a Maraɗi da ba shi da ɗiya ko suruki a ƙetaren iyaka.

Amma ku tuna abin da ya faru tsakaninmu mu a waɗancan watanni. Akwai wanda ke bin wani bashin buhunan wake a Dawanau, akwai wanda kuɗin shanunsa suka maƙale a Maigatari. Ba takarda, ba kotun da za ta saurare su, iyaka a rufe. Da waya aka warware yawancinsu. Mai bashi ya kira, ya ji muryar abokin cinikinsa, aka sa ɗan canji a tsakani, wannan ya tura naira ta banki, wancan ya karɓi sefa a Nita ko Al Izza. Ƙarancin takardar naira na farkon wannan shekarar ya riga ya koya wa har dattawanmu tura kuɗi ta waya, sai abin ya zo ya yi rana. Waya ɗaya ce, layi ɗaya ne, wadda yara ke zagi da ita, da wadda alhazai ke cika alkawari da ita. Bambancin kawai shi ne alhaji ya san wanda ke ɗaya gefen, ya ci tuwo a gidansa. Ko a sama ma haka ne. Da abin ya yi zafi a watan Agusta, Sarki Muhammadu Sanusi na biyu da tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau sai da suka taka ƙafa har Yamai aka zauna ido da ido, don akwai sanayya tun da can.

To, yanzu na zo kan abin da ya tsayar da ni a gabanku. Ina so kowa ya ɗauko wayarsa ya duba jerin sunayen da ke ciki. Za ka ga dillalai, za ka ga direbobi, 'yan kamasho, 'yan canji, wataƙila da wani jandarma ko ɗan kwastan da kuka saba. Nawa ne a ciki makiyaya? Ba dillalin shanu nake nufi ba. Ina nufin mai shanun kansa, ko ardonsa, ko rugan yankin. Da yawanmu shekara ashirin muna sayen dabbobinsu muna kaiwa Legas da Fatakwal, muna sayar musu da gero da dusa da gishiri da atamfa, amma in ka cire dillali a tsakani ba mu da hanyar jin muryar ko mutum ɗaya daga cikinsu. Zaurukanmu na WhatsApp ma haka suke. Na ƙungiya, na masu hatsi, na direbobi, duk murya iri ɗaya ce a ciki. Idan saƙo ya faɗo cewa Fulani sun taru a wuri kaza, mutum ɗari za su ce innalillahi, ba ko ɗaya da zai ce ku dakata, ni ina wurin, taron suna ne.

Su ma can haka abin yake, sai dai a juye. Labarin da ke yawo a wayoyinsu shi ne 'yan banga na zuwa, an ce kada a sayar wa Bafulatani hatsi, an kama wane a kasuwa ba a sake ganin sa ba. Wasu daga cikin labaran nan gaskiya ne, mu ma mun sani. Wasu kuma ƙarya ne, amma ba su da wanda za su kira a cikin gari ya ce musu ku taho, kasuwa lafiya lau. Kowane ɓangare yana zaune da tsoronsa yana ciyar da shi, kuma wanda ya fi cin ribar wannan shi ne ɓarawon da ke son kada a bambanta shi da makiyayin kirki.

A ranin da ya wuce mun ga yadda lamba ɗaya take aiki. Da safe saƙon murya ya shigo cewa an kashe wani direbanmu kusa da wani ƙauye, ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, an ce Fulani ne. An kira wayarsa ba ta shiga. Motocin tumatir da albasa suka tsaya a tasha, samari suka fara taruwa ta wajen kara, masu tallan nono suka tattara ƙwaryarsu suka ɓace. Sai wani dattijo daga cikinmu, yana zaune a nan yanzu, ya ce yana da lambar ardon wannan yanki tun wani tsohon ciniki. Aka yi ta kira har aka same shi. Ya tashi ɗansa a kan babur. Yaron ya tarar da mota ta lalace a wani kwari da ba rezo, direba na kwance a ƙarƙashinta yana jiran yaron motarsa ya dawo da makaniki. Ya ɗauko shi suka hau tudu, direban ya yi magana da bakinsa, muka saka muryar a zaure. Kafin nan la'asar ta yi, mai tumatir ya riga ya yi asara. Da lamba biyar muke da ita a wannan yanki maimakon ɗaya, da kafin hantsi an gama.

Wannan dabara ba mu muka fara ta ba. A ƙasar Kenya, a yankin da kogin Tana ke shiga teku, manoma 'yan ƙabilar Pokomo da makiyaya 'yan ƙabilar Orma sun yi rikici a 2012 zuwa farkon 2013, aka rasa rayuka sama da 100. Da aka bincika sai aka ga ji-ta-ji-ta na cikin abin da ke hura wutar. Sai wata ƙungiya ta ƙasar Kanada ta kafa wani tsari mai suna Una Hakika, ma'anarsa da Suwahili "ka tabbata?". Wanda ya ji labari ya tura shi ta gajeren saƙo kyauta, a sa mutanen da aka zaɓa daga ƙauyukan ɓangarorin biyu su bincika, sannan a maido da amsa ga jama'a. Ƙaramar waya mai maɓalli ta isa. Su sai da suka ɗauki lokaci suna neman mutanen da kowane ɓangare zai yarda da su. Mu kuwa muna da su tuntuni, ciniki ya haɗa mu da su, rubuta lambobinsu ne kawai ba mu yi ba.

Don haka abin da ofishin magatakarda ke kawowa gaban ƙungiya shi ne mu buɗe littafin lambobi, littafi na takarda, kwafi ɗaya a nan ɗaya a reshenmu na ƙetare. Kowace kasuwa da kowane zango da motocinmu ke bi, a samu aƙalla mutum huɗu da suka yarda a kira su ko da tsakar dare: ɗaya daga wajen mai gari ko liman, ɗaya daga tasha, ɗaya daga wajen ardo, ɗaya kuma mace. Na ce mace da gangan. Hajiyoyinmu masu kai atamfa da kayan ɗaki, da matan da ke kawo nono da man shanu, su ne suke shiga gidajen da mu ba ma shiga, kuma sau da yawa su ke fara jin cewa wani abu na tafe. Amma yawancinsu ba sa cikin ko zaure ɗaya na ƙungiya.

Idan labarin tashin hankali ya faɗo zaure, masu kula da zauren su rufe shi na ɗan lokaci, yadda su kaɗai za su iya magana. WhatsApp yana da wannan tsari, yana kuma ba su ikon goge saƙon kowa. Su yi wa wanda ya turo tambaya uku: wa ya gani da idonsa, a ina, yaushe. Sannan a buɗe littafi a kira mutum biyu daga ɓangarori biyu. Abin da aka samu a faɗe shi da murya, da Hausa da Fulatanci, mai maganar ya fara da sunansa da garin da yake da ranar da ake ciki, don kada a ɗauko muryar bayan shekara biyu a sake yaɗa ta. In hoto ne, akwai yaranmu da suka iya saka shi a Google su ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri. Yanzu ma da ƙirƙirarriyar basira ana iya kwaikwayon muryar mutum, saboda haka in ka ji muryar wanda ka sani tana faɗin abu mai nauyi, kira shi ka ji daga bakinsa. Malamai sun sha karanta mana aya ta 6 a Suratul Hujurati a kan bincika labari kafin a yi aiki da shi. Littafin lambobin nan hanyar aiki da ayar ce kawai.

Wani lokaci za a bincika a tarar labarin gaskiya ne, an tare hanya, an ɗauki mutane. To a faɗa, kuma a faɗa da sauri, don rai ya fi kaya. Amma a faɗi abin da aka yi da inda aka yi shi. "'Yan bindiga sun tare hanya bayan gada, kada kowa ya bi" ya ishi direba ya tsira. In ka ce "Fulani sun tare hanya", direban bai ƙaru da komai ba, sai dai ka aika samari kan tsohuwar da ke zaune da ƙwaryar nono a bakin kasuwa. Haka in 'yan sa-kai suka yi ɓarna, a ce 'yan sa-kai, kada a ce Hausawa.

Littafin zai yi amfani ko ba a cikin tashin hankali ba. A nan Nijar, tun bayan dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin kula da filaye har zuwa ƙauyuka, kuma kowace shekara hukuma na sanar da ranar sakin gonaki, wato ranar da dabbobi za su iya shiga bayan an kwashe amfani. Faɗa da yawa na kaka daga nan yake tashi, makiyayi ya ji wata rana, manomi ya ji wata, ko kuwa wanda ya tsallako daga Najeriya bai ji komai ba. Ana faɗa a rediyo, Studio Kalangou ma na watsa shiri da Hausa da Fulatanci ta gidajen rediyon karkara, amma ba kowa ke kusa da rediyo a wannan sa'ar ba. Me zai hana mu ɗauki sanarwar yadda take mu tura wa duk lambobin da ke littafinmu?

Na san abin da ke ran wasunku, don an faɗa mini shi a ofis ba sau ɗaya ba: magatakarda, so kake ka shigo mana da infoma cikin gida. Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma wanda aka taɓa ɗauke wa ɗa ko ƙane ba zan ce masa ya daina jin sa ba. Amsata biyu ce. Ta farko, waɗanda hukuma ta sha kamawa da kai rahoto ba daga ruga kaɗai suke fitowa ba, akwai 'yan cikin gari, akwai maƙwabta, wato in haɗarin ne yana cikin zaurukanmu tun yanzu. Ta biyu, maganinsa shi ne a san abin da ba a sakawa a zaure ko da kowa ɗan uwarka ne. Kada a faɗi lokacin tashin mota. Kada a faɗi wanda ya sayar da shanu ya riƙo kuɗi. Kada a faɗi inda sojoji suka tsaya. Kada a saka hoton wani a ce ga ɓarawo, wannan aikin hukuma ne, kuma mun ga inda irin wannan hoto ya sa aka kashe mutumin da bai ji ba bai gani ba. Littafin ma ba sirrin ciniki za a rubuta a ciki ba, suna ne da gari da lamba, da yardar mai ita.

Akwai kuma doka, gara ku ji daga bakina. A Nijar, gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a watan Yunin 2024 ya maido da hukuncin ɗauri ga wanda ya yaɗa abin da zai iya dagula zaman lafiyar jama'a. Najeriya ma tana da tata dokar tun 2015. Cewa "ni ma turo mini aka yi" ba lalle ya fitar da mutum ba, kuma ƙungiya ba ta da kuɗin lauya.

Sauran magana ita ce ta kuɗi, don kira ba kyauta ba ne, balle kiran ƙetare. Shawarar ofis ita ce a ƙara dala ashirin a kan kuɗin wata na kowane mamba, 'yan'uwanmu na Najeriya su ba da daidai da haka a naira bisa canjin ranar. Da shi za a sayi kati, da layi biyu na ofis, ɗaya na nan ɗaya na can, da ɗan faifan sola don caji, tunda mun ga abin da rashin wuta ya yi mana a 2023. In an samu rara, a riƙa saka wa mutanen littafin kati lokaci-lokaci, don bai kamata ardo ko mai gari ya ƙona kuɗinsa a kan tumatirinmu ba. Ma'aji zai riƙa karanta lissafinsa daban.

Dattawa za su duba wannan shawara a zaman kwamiti na wata mai kamawa, su gyara abin da ya kamata a gyara, sannan a kawo ta gaban kowa a kaɗa ƙuri'a. Amma rubuta lamba ba ya jiran ƙuri'a. Bayan an ci abinci za ku same ni a teburin da ke bakin ƙofa da littafi da biro. Wanda yake da lambar wani ardo ko mai gari ko sarkin tasha a kan hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina, ko ta Gidan Rumji zuwa Ƙonni, ya fara kiran mai lambar ya nemi izininsa, sannan ya zo mu rubuta. Muna kuma neman mutum biyu da suka iya Fulatanci sosai, waɗanda za su riƙa yi mana saƙon murya.

 Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare mana hanya.